Karena ya dawo daga barbara da tari, anya ba murar karnuka ba ce?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwon karnuka da likitocin dabbobi da ke nan ku taimaka min da shawara, wallahi kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

A Hotoro nake, gidanmu shi ne na ƙarshen layi kuma bayanmu fili ne, shi ya sa na ajiye karnuka biyu don gadi. Akwai namijin, Duna, irin jaman shefad ɗin nan ne shekararsa 3, sai macen, Damisa, ita 'yar gida ce tun tana kwikwiya aka ba ni ita. Ranar Asabar da ta wuce wani mai kiwon karnuka ya ari Duna don barbara, mai gadinmu ne ya kai shi a adaidaita sahu ya kwana biyu a can, da ya je ɗauko shi ranar Litinin yake ce min Alhaji karnukan gidan nan sun fi goma kuma duk a baho ɗaya suke shan ruwa, wai har da wasu da aka kawo daga ƙasar waje ba da jimawa ba. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba na ce to madalla.

Laraba da daddare sai na ji yana wani irin tari kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, ya yi ta kakari har sai ya tofar da ɗan farin kumfa, na haska bakinsa da fitilar waya ban ga komai ba. Jiya kuma sai majina da kwantsa a ido, shinkafa da kan kifin da yake rububi ya sunsuna ya kau da kai, ya je ƙarƙashin mota ya kwanta. Karen da ko almajiri ne ya taɓa ƙyaure sai unguwa ta ji, jiya har ɗan garuwa ya shigo ya juye ruwa ya fita bai ko ɗaga kai ba.

Na duba intanet na ga ana maganar murar karnuka, alamomin kusan duk ga su a jikinsa. To ita ce? Kuma abin da ya fi damuna yara, Khalifa shekararsa 5 kullum yana tsakar gida, zai iya ɗauka? A katin allurarsa na ga an rubuta parainfluenza, na ɗauka ai ita ce riga-kafin murar, to ya aka yi ya kamu? Maƙocina ya ce in je kemis in sayo farasitamol da amoksilin in murƙushe masa a abinci, ban dai ba shi ba tukuna.

Ɗan Kurna

Wa alaikumus salam. Malam ai hunturu ne, ka ga yadda gari ya yi hazo, mu kanmu tari muke balle dabba da ke kwana a waje. Nawa ma bara ya yi haka sati ɗaya ya warke. Ka shimfiɗa masa buhu ka ba shi rabin farasitamol ɗin kawai.

Maman Ihsan, likitar dabbobi

Wa alaikumus salam Baban Khalifa, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, dan girman Allah kar ka ba shi farasitamol ɗin nan. Ɗan Kurna ka yi haƙuri ba ƙaryata ka nake ba, naka Allah ne ya kiyaye, amma jikin kare ba ya sarrafa maganin mutane yadda namu ke yi, farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa, ibufurofen da dikulofenak kuwa gyambon ciki da ciwon ƙoda suke jawo masa, mage ma ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta. Shimfiɗar buhun dai shawara ce mai kyau.

Abu na biyu tun kafin ka gama karanta wannan, tashi ka raba shi da Damisa. Kwanonsa daban, bahon ruwansa daban, wurin kwanansa daban, in da hali inda ko numfashin juna ba za su shaƙa ba.

Yanzu maganar ko murar ce. Murar karnuka gaskiya ce akwai ta, ƙwayar bairos ce ke kawo ta kuma iri biyu aka sani. Ta farko H3N8, asalinta murar dawakai ce ta tsallako, an fara gano ta a shekarar 2004 a jikin karnukan tsere a jihar Fulorida ta Amurka. Ta biyu H3N2, ita daga tsuntsaye ta fito, an fara ba da rahotonta a Koriya ta Kudu wajen 2007, sai a 2015 ta ɓarke a birnin Shikago da kewaye ta kama karnuka sama da 1,000. Abin da ya sa take gudu kamar wutar daji shi ne sabuwar cuta ce a wajen karnuka, jikinsu bai san ta ba, kusan duk wanda ya haɗu da ita sai ya ɗauka. Cikin 100 da suka ɗauka kamar 80 ne za su nuna alama, ragowar 20 ɗin garau za ka gan su suna cin abinci suna haushi alhali suna rarraba ta. Kuma ko wanda zai kwanta ɗin, lokacin da ya fi yaɗa ta shi ne kwanakin farko tun bai fara tari ba, shi ya sa mai gidan da aka kai Duna zai iya rantse maka cewa karnukansa lafiya lau suke ranar, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Daga ɗauka zuwa fara alama yawanci kwana 2 zuwa 4 ne, ka ga lissafinka Asabar zuwa Laraba ya shiga ciki. Amma fa ba ita kaɗai ke da wannan kamar ba. Akwai tarin da muke kira kenel kof, wato tarin da karnuka ke kwasa a duk inda aka tara su, galibi wata bakteriya mai suna Bordetella ce ke kawo shi ita da wasu ƙwayoyin bairos, shi ma haka yake da kakari kamar an shaƙe kare. Sannan akwai distempa, wadda ni ita na fi jin tsoro in na ji an ce tari da majina da kwantsa a lokaci guda, don ita daga baya tana zuwa da amai da zawo, tafin ƙafa ya yi tauri, ƙarshe ta taɓa ƙwaƙwalwa kare ya riƙa karkarwa ko farfaɗiya. A wajen aikina waɗannan biyun na fi cin karo da su. Ido ba ya bambance su a kwanakin farko, ko likita ne sai ya duba ya auna, tabbatar da murar kuwa sai an goga auduga a hancinsa an kai gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cutar kanta, kuma gwajin ya fi kamawa a 'yan kwanakin farko na ciwon. Irin wannan aikin na manyan ɗakunan gwaji ne kamar na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato, likitanka ne zai ga ko akwai buƙatar aikawa.

Katin da ka gani, nan mutane da yawa ke ruɗewa kuma ba laifinku ba ne sunan ne ya yi kama. Allurar DHLPP da ake yi wa karnuka a nan ta ƙunshi distempa, ciwon hanta, leftosfirosis, fabo da parainfluenza, ita parainfluenza ɗin wata ƙwaya ce daban cikin masu kawo kenel kof, ba dangin murar da kake tambaya ba ce. Riga-kafin murar karnuka allura ce mai zaman kanta, sau biyu ake yi da tazarar sati 2 zuwa 4 sannan a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, rage tsananin ciwon take da yawan yaɗawa. An fi ba da shawararta ga karnukan da ke yawan cuɗanya da baƙi. Kuma ba a yi wa kare riga-kafi yana kwance, sai ya warke. Ka duba kwanan watan da ke jikin katin nan ka gaya min yaushe aka yi masa ta ƙarshe.

Khalifa kuwa ka kwantar da hankalinka, har yau ba a taɓa tabbatar da wani mutum ya ɗauki murar karnuka ba. Duk da haka ka hana shi zuwa wajen, don yaro zai iya kwaso ƙwayar a hannu ko a riga ya kai wa Damisa. Tana rayuwa har awa 48 a kan kwano da sarƙa da daɓe, awa 24 a jikin tufafi, awa 12 a hannu. Sabulu da ruwa na kashe ta, daɓe da kwanuka kuma ruwan bilic, murfi 1 a murfi 30 na ruwa, a bar shi minti 10 sannan a ɗauraye. In kuna da mage a gidan ita ma a nisanta ta, H3N2 tana kama maguna.

Gobe da safe ka nemi likita, akwai asibitin dabbobi na Gwale akwai kuma masu zaman kansu, amma ka fara kira ka ce kare mai tari za ka kawo don kar a zaunar da ku cikin sauran karnuka. In ka ga numfashinsa ya yi sauri ko yana nishi, ko majinar ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ko ya daina shan ruwa, kar ka jira goben.

Abba Sharaɗa

Ni fa abin mamaki yake ba ni, kare ne fa jama'a. Mutane na fama da kuɗin asibitin 'ya'yansu ana maganar kai kare gwaji Filato. Ka kai shi bayan gari ka sake shi ka samo wani.

Tsohon Mafarauci

Abba ɗana, ka bar wannan maganar. Dabbar da ta kwana tana tsaron gidan mutum shekara uku, ranar da ta kwanta sai a kai ta bola? Haƙƙinta na wuyansa tun ranar da ya ɗaure ta. Ai ka san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa, kuma kiwon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona malamai ba su hana ba. Sannan in ya sake shi a bayan gari ina ciwon zai tafi? Karnukan unguwa zai bi ɗaya bayan ɗaya.

Baban Khalifa, ni shekarata sama da 30 ina fita farauta, yanzu ƙafa ta ƙi sai dai yara. Abin da Likita ta faɗa na baho ɗaya ɗin nan na gan shi da idona. Wata shekara da rani muka fita babbar farauta, ƙungiyoyin mafarauta da yawa aka haɗu, mota guda aka loda mu da karnukan kowa da kowa a matse suna huci a fuskar juna, da muka sauka kuma rana ta yi zafi aka yanka jarka aka zuba ruwa duk suka sa baki. Mun dawo da kwana huɗu zuwa biyar karnukana shida babu wanda ba ya tari. Manyan sun tashi bayan kamar sati biyu, amma 'yan kwikwiyo biyu da ko dajin ba su je ba, a gida ciwon ya same su, su ne suka tafi, ɗayan a kan buhu a zaure na same shi da asuba haƙarƙarinsa na ɗagawa da ƙyar, kafin hantsi ya cika. Tun daga ranar duk karen da ya dawo daga taro sai ya yi kwanaki a ɗaure a bayan gida shi kaɗai kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa, kuma ruwansu nake ɗauka daban ko da za a ce na cika fi'ili.

Likita ina da tambaya, Allah ya ƙara basira. Yarana kan karɓo matattun kaji a gidan gonar wani su dafa wa karnuka, wani sa'in ma ɗanye suke jefa musu. Tunda kin ce ɗaya daga tsuntsaye ta fito, akwai matsala?

Hajiya Mai Kaji

Baba kafin Likita ta zo, dan Allah ka hana su. Ni kiwon kaji nake a Rijiyar Zaki kuma ban manta 2006 ba, shekarar da murar tsuntsaye H5N1 ta fara ɓulla a Najeriya, daga wata gona a Jaji ta jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita kuma Kano na cikin inda ta yi ɓarna sosai. Da safe ka shiga keji ka tarar da kaji a zube, tukkunsu ya yi shuɗi. Kazar da ta mutu ba ka san abin da ya kashe ta ba rami ake haƙa mata mai zurfi ko a ƙona, ba a ba kare ba a ba mage, yaran da ke fige ta da hannu ma su ne abin ji.

Maman Ihsan, likitar dabbobi

Baba Allah ya ƙara girma, Hajiya ta riga ni. Murar tsuntsaye da murar karnuka ba abu ɗaya ba ne amma 'yan gida ɗaya ne, kuma an taɓa samun kare a ƙasar Tailan a 2004 da ya ci mushen agwagwa mai H5N1 ya mutu. Ita H5N1 ɗin tana kama mutum, to ka ga haɗarin ya wuce na karnuka. Ɗanyen mushe kam a daina gaba ɗaya.

Kuma tunda Kano garin dawaki ne bari in ƙara wannan, daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 an yi annobar murar dawakai H3N8 a arewacin ƙasar nan, Sakkwato ta fi shan wahala jakuna da yawa suka mutu. Ba kasafai take tsallakawa kan kare ba, amma a Ostireliya a 2007 an samu karnukan da ke zaune kusa da dawakai marasa lafiya sun ɗauka. Wanda ke da barga a gida in doki na tari da majina ya ɗauke karensa daga wajen.

Abin da ka ba da labari na 'yan kwikwiyo haka yake Baba. Yawancin karnuka suna warkewa daga murar cikin sati 2 zuwa 3, waɗanda ke mutuwa ba su kai 10 cikin 100 ba, kuma galibi ƙanana ne da tsofaffi da masu wani ciwon a jiki, su ne take gangaro wa huhu ta zama nimoniya. Babu maganin da ke kashe bairos ɗin kai tsaye, jinya ce, ruwa da abinci mai laushi da hutu, antibayotik kuma sai in likita ya ga bakteriya ta hau kai, shi ya sa ban so a sayo amoksilin a kemis a yi ta ɗura wa dabba da ka ba. Ɗaure na bayan gida da kake yi shi ne daidai, wanda ya dawo daga taro a ba shi kamar sati biyu ana kallonsa, wanda ya riga ya fara tari kuwa sati huɗu, don mai H3N2 yana iya yaɗa ta sama da sati uku ko da ya ga kamar ya warke.

Kuma dan Allah duk mai kare a nan, kafin ma a kai ga neman allurar mura a fara cika na dole. DHLPP tun kwikwiyo na sati 6 zuwa 8 ana maimaitawa duk sati 3 zuwa 4 har ya kai wata huɗu, allurar haukan kare kuma daga wata uku. Ita haukan kare in alama ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai jama'a, Likita Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Tun daren jiya na mayar da Damisa garejin baya na sa mata sabon kwano, ta yi ta kuka tana kartar ƙofa amma haka na daure.

Yau da safe likita ya zo gida da kansa da na gaya masa tari ne. Ya auna zafin jikinsa ya samu digiri 40.1, ya ce na lafiyayyen kare bai cika wuce 39.2 ba. Ya sa abin sauraro a ƙirjinsa ya daɗe yana ji ya ce huhun da sauƙi tukuna, ya duba tafin ƙafafunsa huɗun da dasashinsa, ya yi masa allura ya rubuta magani na kwana bakwai, ya ɗauki majinar a auduga ya sa a 'yar kwalba ya ce in zazzaɓin bai sauka ba zuwa jibi ko Damisa ta fara zai aika da ita. Katin kuwa Likita kin yi gaskiya da kika ce in duba, allurarsa ta ƙarshe ta kusa shekara biyu, wallahi na ɗauka ta farkon nan shi ke nan an gama, jikina ya yi sanyi da ya nuna min. Ya ce Damisa a ga yadda za ta kwana goma, in lafiya a yi mata nata, Duna kuma sai ya warke sarai.

Ya kuma sa na cire masa sarƙar wuya don tana danne maƙogwaro tana tayar da tarin, ya ce a riƙa yayyafa ruwa kafin shara saboda ƙura, janareto ma na matsar da shi can gefe don hayaƙin a kansa yake sauka. Mai gadi shi kaɗai ke shiga wajensa yanzu, da wata tsohuwar riga da silifa da muka rataye a bakin wajen, in ya fito ya wanke hannu, kuma sai ya gama da Damisa sannan ya je kan Duna.

Na kira mai karnukan can na gaya masa, ya ce shi ma uku a cikin nasa sun fara tun shekaranjiya kuma akwai karyar wani da aka kawo bayan an ɗauke Duna, na roƙe shi ya kira mai ita ya sanar da shi kuma ya dakatar da karɓar baƙi, ya ce zai yi. Na tura masa lambar likitan.

Ɗazu bayan la'asar aka dama masa ɗan romon kaza da shinkafa ta yi laushi sosai, ya sha kamar rabin kwano ya koma ya kwanta. Tarin dai na nan musamman in ya miƙe. Likita in ya ƙi cin na dare, maganin in ba shi haka a cikin da babu komai ko in bari sai ya ci?